Fasaƙwari da Danginsa

Mai sayen kayan yaji yana ganin fasaƙwari a tsakanin citta da kanumfari da kimba da masoro, amma da wuya ya kawo a ransa cewa ɗan uwan lemo ne. Masana tsirrai sun haɗa su a dangi ɗaya mai suna Rutaceae. In ka ɗaga ganyensa ga hasken rana za ka ga ɗigo-ɗigon mai a cikinsa, in ka murza shi kuma ƙamshin lemo ne zai bugi hancinka.

Zuriyar da fasaƙwari ya fito daga cikinta ana kiranta Zanthoxylum, sunan da Carl Linnaeus ya ba ta a 1753. Tana da iri sama da 200, mafi yawansu a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya da nahiyar Amurka. Galibinsu bishiyoyi ne masu ƙaya, har a jikin kututture. A ƙasar Sin da Japan ɓawon 'ya'yan wasu iri ake dakawa a zuba a girki. Namu na Afirka ta Yamma, saiwa da ɓawon icen aka fi nema.

Duk wanda ya taɓa tauna saiwar ya san yadda harshe ke yin zir-zir, yawu ya taru, sannan baki ya yi kamar ba naka ba. Wasu sinadarai ne a cikinta ke dakushe jijiyoyin jin zafi na ɗan lokaci. Shi ya sa Yarabawa da sauran al'ummomin yankin suka daɗe suna asuwaki da ita don ciwon haƙori. Sai dai fa zafin kawai take kwantarwa. Haƙorin da ya ruɓe yana nan a ruɓensa.

Babban abin da ya jawo hankalin masana shi ne cutar sikila. A shekarun 1970 Farfesa Abayomi Sofowora na Jami'ar Ife ya nuna cewa sinadaran saiwar na rage lanƙwashewar jajayen ƙwayoyin jini a ɗakin gwaji. Daga baya masu bincike a Burkina Faso suka haɗa ta da tumfafiya suka yi maganin da ake kira FACA. Ana ba da shi ne don rage yawan tashin ciwon, domin sikila gado ce, saiwa ba ta cire ta daga jini. Mai ɗa mai sikila kada ya bar asibiti ya dogara da jiƙo.

Matsalar ita ce saiwa ake tonowa, bishiyar da aka yi wa haka kuwa sau da yawa mutuwa take yi, kuma masu tono sun fi masu dasawa yawa nesa ba kusa ba.