Wa Zai Rubuta Tarihin Hausawan Briqueterie?

A birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil akwai wani katafaren gini na ƙarfe da aka buɗe a 1974, mai siffar jirgin ruwa. An yi shi ne domin tunawa da ma'aurata 60 da suka taso daga tsibiran Azores na Fotugal, suka sauka a wurin a 1752, har zangonsu ya zama birni. Jikokinsu na da wurin da za su kai yaro su nuna masa mafarinsa.

Hausawan Yawunde, babban birnin Kamaru, fa? Jamusawa sun kafa sansaninsu a garin a 1889, ba a jima ba fatake suka riƙa gangarowa daga Adamawa ta Tibati da Yoko, suna neman hauren giwa da danƙo da goro. Waɗansu ba su koma ba. Zuriyarsu ce ta cika unguwar Briqueterie, wadda ta samo sunanta daga masana'antar bulo ta zamanin Jamus. Yau duk mai kwaɗayin tsire, ko mai neman shadda da telan da zai yi mata aiki, can yake nufa, mahauta kuma na sammako zuwa mayankar Etoudi. Amma ka zaga garin: basarake Charles Atangana yana da mutum-mutuminsa, haɗewar Kamaru tana da hasumiyarta, su kuwa fataken nan labarinsu yana bakin dattawa ne.

Wani zai ce ai Musulmi ba ya sassaƙa gunki. Gaskiya ne, ba shi ake nema ba. Babban masallacin unguwar ma kansa shaida ne, haka sarautar Sarkin Hausawa. Sai dai bango ba ya faɗin wanda ya ɗora shi, rusau kuma ya taɓa cin wani sashe na unguwar, ya watsa gidaje da masu su. Kowane tsoho aka kai makwanci, ya tafi da sunayen iyayen gida da hanyoyin da ayari ya bi.

Aikin ba ya buƙatar miliyoyi. Allo a ƙofar masallaci, da Hausa da ajami da Faransanci, mai ɗauke da sunayen magabata da garuruwan da suka fito, zai yi. Matasan Briqueterie, wayar da ke hannunku tana naɗar murya: ku zauna da kakanninku tun suna da rai, ku kai abin da kuka naɗa sashen tarihi na Jami'ar Yawunde ta Ɗaya.