Kasuwar Kwana Huɗu: Inda 'Yan Ajin Ƙarshe Ke Baje Kolin Gwanintarsu ta Ƙwallon Kwando

A cikin watan Afrilu ne, bisa al'ada, ɗalibai 64 'yan ajin ƙarshe daga jami'o'in Amurka kan hallara a garin Portsmouth da ke Jihar Bajiniya, domin fafatawa a wasan ƙwallon kwando na tsawon kwana huɗu a zauren wasannin wata makarantar sakandare mai suna Churchland. Gasar, wadda aka fara tun shekarar 1953, ta zama kasuwar ɗaukar ma'aikata, inda matasan da ke gab da barin makaranta ke baje kolin gwanintarsu a gaban masu farautar 'yan wasa daga ƙungiyoyin gasar ƙwararru ta NBA da na ƙasashen Turai da Asiya.

Akan raba ɗaliban gida takwas, kowane gida da mutum takwas, a buga wasanni 12, ta yadda kowace tawaga za ta shiga fili sau uku. Bugu da ƙari, akan auna tsawon kowane ɗan wasa da nauyinsa da tsawon hannuwansa da ƙarfin tsallensa, kana wakilan ƙungiyoyi su zauna da wanda suka ga dama domin sanin halinsa. 'Yan kasuwar yankin ne ke ɗaukar nauyin tawagogin, shi ya sa akan ga sunayen masu sayar da motoci da masu gidajen abinci a kan rigunan 'yan wasan, yayin da wani kaso na kuɗin da aka tara kan tafi ga tallafin karatu da ayyukan jinƙai.

Domin a fahimci abin da ke kawo matasan nan, sai an dubi yadda NBA ke ɗaukar sababbin 'yan wasa. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, kuma a watan Yuni sukan yi zaɓe mai zagaye biyu, wato gurabe 60 ke nan, inda ƙungiyoyin da suka fi rauni a kakar da ta gabata ke samun damar fara zaɓa. Jami'o'in da ke rukunin farko na wasannin ɗalibai kuwa sun haura 350, ban da ƙananan makarantu da kuma 'yan wasan ƙasashen waje da su ma ke neman waɗannan gurabe.

Tazarar kuɗi tsakanin wanda ya samu shiga da wanda ya rasa tana da faɗi ƙwarai. Tun shekarar 1995 aka ƙayyade albashin waɗanda aka ɗauka a zagayen farko gwargwadon matsayin da aka zaɓe su, bayan da ƙungiyar Milwaukee Bucks ta bai wa Glenn Robinson kwangilar dala miliyan 68 ta shekara 10 a 1994, tun bai taka filin ƙwararru ba. A kakar 2024 zuwa 2025, wanda aka zaɓa na ɗaya ya karɓi sama da dala miliyan 12, mafi ƙarancin albashin sabon shiga ya ɗan haura dala miliyan 1, alhali kuwa ɗan wasan ƙaramar gasar renon 'yan wasa ta G League bai wuce kimanin dala 40,000 ba. Wannan arziki na NBA ya samo asali ne musamman daga kuɗin nuna wasa a talabijin, domin a 2024 gasar ta ƙulla yarjejeniyar shekara 11 ta kimanin dala biliyan 76 da kamfanonin Disney da NBC da Amazon.

Sai dai a wannan kasuwa, shekaru kan rage wa ɗan wasa daraja. Ƙungiyoyi sun fi son yaro ɗan shekara 19 da ya yi shekara ɗaya kacal a jami'a, bisa tsammanin cewa gwanintarsa za ta ci gaba da bunƙasa a hannunsu, a kan ɗan shekara 22 da suke ganin ya riga ya kai iyakar abin da zai iya. Rabon da a zaɓi ɗan ajin ƙarshe a matsayi na ɗaya tun shekarar 2000, lokacin da ƙungiyar New Jersey Nets ta ɗauki Kenyon Martin daga Jami'ar Cincinnati. Ke nan waɗanda ke zuwa Portsmouth su ne hajar da manyan masu saye suka wuce ba su taya ba. Akwai ma 'yan wasan da dillalansu kan hana su amsa gayyatar, don gudun kada rashin kataɓus na kwana biyu ya karya farashin da aka riga aka yi musu.

Duk da haka, tarihin gasar ya nuna cewa mai saye da ya iya duba kaya yakan yi tsintuwa a nan. Scottie Pippen ya fito ne daga Jami'ar Central Arkansas, ƙaramar makarantar da ba a nuna wasanninta a manyan tashoshin talabijin, kuma a can ɗin ma da kula da kayan wasan tawaga ya fara. Rawar da ya taka a Portsmouth a 1987 ta ɗaga darajarsa, har ƙungiyar Seattle ta zaɓe shi a matsayi na biyar, ta kuma miƙa shi ga Chicago Bulls, wadda manajanta Jerry Krause ya daɗe yana bibiyarsa. Pippen ya ci kofin NBA sau shida tare da Michael Jordan tsakanin 1991 da 1998.

Shekara guda kafin haka, Dennis Rodman, wanda ya taɓa yin aikin shara a filin jirgin saman Dallas, ya yi fice a gasar, Detroit Pistons ta ɗauke shi a matsayi na 27, daga bisani ya ci kofi sau biyar. Haka nan John Stockton na Jami'ar Gonzaga, wanda Utah Jazz ta ɗauka a matsayi na 16 a 1984, ya yi mata wasa kaka 19, ya kuma kafa tarihin miƙa ƙwallon da abokin wasa ya jefa a kwando har sau 15,806. Jimmy Butler na Jami'ar Marquette ya zama gwarzon gasar a 2011, aka ɗauke shi a gurbi na 30, wato na ƙarshe a zagayen farko, sannan Derrick White, wanda ya halarta a 2017, ya ci kofi da Boston Celtics a 2024.

Waɗannan sunaye dai ƙalilan ne idan aka kwatanta da dubban da suka ratsa zauren na Churchland. Mafi yawan ɗaliban ba a kiran sunansu a daren zaɓe. Wasu kan samu gayyatar gwaji na gaba da ake yi a birnin Shikago cikin watan Mayu, wasu su shiga wasannin bazara na Las Vegas, wasu kuma su dace da kwangila mai fuska biyu da aka ɓullo da ita a 2017, wadda ke bai wa ɗan wasa damar raba lokacinsa tsakanin NBA da G League a kan rabin mafi ƙarancin albashi. Sauran kuwa sukan nufi ƙasashe irin su Jamus da Italiya da Faransa da Turkiyya da Japan, abin da ya sa wakilan ƙungiyoyin ƙetare ke ɗaukar taron da muhimmanci, tun da a wuri guda za su ga mutum 64 maimakon zagaya jihohi.

Shi kansa aikin farautar 'yan wasa sana'a ce mai kai mutum nesa, kuma akwai ɗan Nijeriya da ya tabbatar da haka. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya fara wannan aiki ne ba tare da albashi ba a ƙungiyar Orlando Magic a 2002. Ya zama babban manajan Denver Nuggets a 2010, aka ba shi lambar gwarzon shugabannin ƙungiyoyi a 2013, sannan ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofinta na farko a 2019, kafin su rabu a 2025. Jarin mai wannan sana'a shi ne idon da ke gane abin da sauran masu saye suka raina, domin ɗan wasan da aka samu da araha, ya kuma yi aikin mai tsada, yana bai wa ƙungiya sararin kashe kuɗi a wani wuri, ganin cewa dokar NBA ta ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya.

A 'yan shekarun nan lissafin ya fara sauyawa. Tun daga watan Yulin 2021 aka bai wa ɗaliban jami'a izinin karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu, kuma a watan Yunin 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Sakamakon haka, fitaccen ɗalibi na iya samun kuɗi a makaranta fiye da abin da G League za ta biya shi, saboda haka da dama suka daina gaggawar barin karatu. A 2025, 'yan wasa 106 ne kacal suka nemi shiga zaɓen NBA kafin lokacinsu, adadi mafi ƙaranci tun 2015.

Idan wannan yanayi ya ɗore, 'yan wasan da a da suke ficewa tun suna aji ɗaya ko biyu za su riƙa kaiwa ajin ƙarshe, wanda hakan zai ƙara wa hajar da ake kaiwa Portsmouth inganci, ya kuma tsananta takarar samun gurbi cikin mutum 64 da ake gayyata. Su kuma ƙungiyoyin ƙetare da na G League, dole su sake duba tayin da suke yi, domin yanzu suna ciniki ne da matasan da suka riga suka saba da karɓar kuɗi tun suna ɗalibai.