Shara Mai Kuɗi da Shara Mai Toshe Kwata

Duk wanda ya tsaya bakin wata bola a birnin Kano ya duba da kyau, zai ga leda ce ta fi yawa. Da wuya ya tarar da gwangwani ko tsohuwar tukunya, domin waɗannan suna da masu saye.

'Yan gwangwan suna bi gida-gida da kura, su auna, su biya. Alminiyam ɗin da suka tara shi maƙera ke narkarwa su zuba tukwane da ludaya. Tsohuwar taya kuwa takan koma takalmi. Tun kaka da kakanni ma manoman karkarar Kano ke shigowa birni da jakuna su kwashi toka da kashin awaki, watau shara a wurinsu taki ce.

To, leda ita ta ɓata wannan tsari. Ba ta ruɓewa, saboda haka in ta cakuɗe da taki sai manomi ya zauna tsinta. Akuya ta haɗiye ta, ta yi ta ramewa. Da damina kuma ta toshe kwata, ruwa ya afka gidajen jama'a. Ƙona ta ba magani ba ne, gama hayaƙinta guba ne.

Ƙasar Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya kuma a 2017. Mu nan, kafin a kai ga haka, ma'aikaci yana iya riƙe jaka in za shi cefane, uwargida kuma ta ajiye bokiti biyu: ɗaya na ɓawo da toka, ɗaya na roba da gwangwani.