Hutun Da Ake Yi Da Gumi A Tsibirin Cousin

A ƙasar Seshel, can cikin Tekun Indiya, akwai ɗan tsibiri mai suna Cousin, inda baƙi kan je hutu su ɓuge da aiki. Masaukinsu ba ƙawa, lantarkinsu daga hasken rana. Sukan wuni bin gaɓa suna ƙidayar ramukan ƙwan kunkurun teku.

Asalin abin kuwa, a 1968 wani ɗan tsuntsu mai zaƙin murya ya rage bai fi 30 ba a duniya, dukansu a nan. Masu kare tsuntsaye suka sayi tsibirin, suka bar daji ya cinye gonar kwakwa. Yau tsuntsun ya kai wajen 3,000 a tsibirai 5. Ashe gumin bai zuba a banza ba.