Hazo, Ƙanƙara Da Gaggawa: Me Ke Kayar Da Jirgin Sama?

Mu a nan Sanyinna ba mu da filin jirgin sama, kuma da yawa daga cikinmu ba su taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba. Iyakarmu da shi mu ɗaga kai mu hango shi can ƙololuwa yana jan farin zare. To amma da zarar hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari har mutum ba ya hango itacen da ke bakin gonarsa, sai a ji rediyo na cewa an soke tashin jirage a Sakkwato ko Kano, fasinjoji kuma suna ta gunaguni. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu ɗan waiwayi haɗurran da suka shafi jama'ar wannan yanki namu, mu gwada su da na ƙasashen da ke can arewacin duniya inda sanyi ke daskarar da ruwa, domin mu gane ainihin abin da ke kayar da jirgi.

Bari mu fara da hazon. Ƙura ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, tun daga wajen watan Nuwamba har zuwa Maris. A cikin irin wannan lokaci ne, ran 22 ga watan Janairu 1973, wani jirgi ƙirar Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi hayarsa domin kwaso alhazai daga Jidda, ya nufi Legas. Yanayin Legas bai yi kyau ba, sai aka juya da shi Kano, inda ya tarar da iska mai ƙarfi. Wajen sauka ƙafafunsa suka karye, ya kauce daga titi, ya kama da wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu. A lokacin nan duniya ba ta taɓa ganin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamar wannan ba.

Sai dai kuma, 'yan'uwa masu karatu, wanda ya ɗora wa yanayi laifin kome ya yi wa kansa sauƙi ke nan. Haɗarin da ya fi girgiza ƙasar Sakkwato ya faru ne ba tare da hazo ko hadari ba.

Ran 11 ga watan Yuli 1991 jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda zai kawo alhazai gida Sakkwato. Da sunan Nigeria Airways ya tashi, amma jirgin da ma'aikatansa na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada. Kwanaki kafin wannan rana makanikai sun riga sun gano cewa iskar wasu tayoyin ta yi ƙasa da yadda doka ta tanada. Tayar jirgi ba a hura mata iska irin wadda mai faci ke hura wa tayar keke. Iskar naitirojin ake sa mata. Da safen aka nemi wannan iska, ba a same ta nan da nan ba, jirgi kuma lokacinsa ya yi, sai aka ce a tafi haka nan. Taya mai ƙarancin iska tana jibga wa 'yar'uwarta da ke gefe nauyin da ya fi ƙarfinta. Jirgin na cikin gudu a kan titi tayoyi biyu na gefen hagu suka fashe, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta tashi. Matuƙan ba su san da wutar ba, domin babu na'urar da za ta gaya musu a wannan sashen. Da jirgi ya ɗaga, sai suka naɗe ƙafafun zuwa cikin cikinsa kamar yadda aka saba, wato suka shigar da wuta da hannunsu kusa da wayoyin lantarki da bututun man da ke sarrafa jirgin. Sun juyo za su sauka, amma wuta ta riga ta cinye daɓen da fasinjoji ke zaune a kai, jirgin ya faɗi kafin ya kai titi. Mutum 261 ne a ciki, fasinjoji 247 da ma'aikata 14, kuma ba wanda ya fita. Kamfanin Nationair kansa ya durƙushe a 1993.

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Sakkwato a wancan lokaci ya san irin makokin da maƙwabtanmu Musulmi suka shiga. An yi ta cewa kwana ya ƙare, kuma ba mu da ja a kan cewa rai na hannun Mahalicci. Amma fa Mahaliccin bai hana a hura wa taya iska ba. Mutum ne ya duba agogo ya ga kamar jira zai jawo asara.

Abin mamaki shi ne, ƙasar Kanada da jirgin ya fito ta riga ta sha irin wannan darasi shekara biyu kafin nan, a wani ƙaramin gari mai suna Dryden da ke cikin dazuzzukan lardin Ontariyo. Ran 10 ga watan Maris 1989 jirgin kamfanin Air Ontario ƙirar Fokker F28, irin wanda Nigeria Airways ma ya yi amfani da shi a nan gida, ya yada zango a garin domin shan mai. Ƙaramin injin da ke tayar da manyan injinan jirgin ya lalace, filin Dryden kuwa ba shi da na'urar tayar da irin wannan jirgi daga ƙasa. Ke nan idan matuƙi ya kashe injinansa duka, jirgi ya kwana nan da fasinjojinsa. Saboda haka aka bar inji ɗaya yana aiki. Ga shi kuma dokar kamfanin ta hana a fesa wa jirgin ruwan maganin narkar da ƙanƙara matuƙar inji na kunne. Dusar ƙanƙara na ta sauka a kan fukafukai, aka kuma ƙara tsayar da shi domin wani ƙaramin jirgi da yanayi ya rutsa da shi ya samu ya sauka. Da ya zo tashi, ya kasa ɗagawa sama sosai, ya afka cikin itatuwa. Mutum 24 cikin 69 suka rasu.

Mai karatu zai ce, 'yar ƙanƙara a kan fiffike har ta kai ta kayar da jirgi mai nauyin tan da yawa? Ba nauyinta ne matsalar ba. Fiffike na ɗaga jirgi ne saboda yadda iska ke bin bayansa sumul. Idan bayan ya yi kaushi, ko da kaurin kaushin bai wuce na takardar gogar katako da kafinta ke amfani da ita ba, ƙarfin ɗagawar na iya raguwa da kusan kashi 30 cikin 100. Mai shari'a Virgil Moshansky, wanda ya shugabanci binciken, bai tsaya kan matuƙin da ya mutu ba; ya bi sawun laifin har ofishin kamfani da hukumar gwamnati mai sa ido, ya kuma ba da shawarwari 191. Kafin wannan, a watan Disamba 1985, wani DC-8 ɗauke da sojojin Amurka da ke komawa gida daga Sina'i ya faɗi a Gander, mutum 256 suka mutu; mafi yawan masu binciken sun ce ƙanƙara ce a fiffike, ko da yake wasunsu ba su yarda ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu a labarin Dryden shi ne halin ƙaramin fili mai nisa, inda kayan aiki ba su cika ba, kuma filin da za a gudu zuwa gare shi yana da tazara. Mu ma mun san wannan. Kimanin mako biyu kafin haɗarin Jidda, a ƙarshen watan Yuni 1991, jirgin Okada Air ƙirar BAC 1-11 da ya nufi Kano ya tarar da yanayi ya ɓaci, ya juyo Sakkwato, ya yi ta shawagi bai samu sauka ba har mansa ya ƙare, ya faɗa daji a wajen gari, aka yi asarar rayuka.

Su sanyi ke wahalar da su, mu kuwa har da zafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike kuma na bukatar gudu mai tsawo kafin ya ɗaga. Ran 4 ga watan Mayu 2002, da tsakar ranar bazara, jirgin EAS ƙirar BAC 1-11 da ya zo daga Jos zai wuce Legas ya cinye titin filin Malam Aminu Kano bai tashi ba, ya shiga ƙasa ya tayar da ƙura, injinansa suka shaƙe ta. Ya ɗan ɗaga, sannan ya faɗa kan gidajen unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka mutu, na cikin jirgi da na cikin gidajensu, har da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku. Bayan haka ne gwamnati ta dakatar da wannan ƙirar jirgi, ta kuma sa iyakar shekara 22 ga jiragen da za a yi wa rajista.

Sai kuma ranar Lahadi, 29 ga watan Oktoba 2006, wadda da yawanmu muna fitowa daga sujada labarin ya iske mu. Jirgin ADC ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato da mutum 105. Hadari ya haɗo, ma'aikatan hasumiya sun sanar da matuƙa cewa iska na kaɗawa da ƙarfi, har matuƙin wani jirgin ya ce shi kam zai jira. Na ADC ya tashi. Da ɗagawarsa ya shiga irin iskar nan ta gaban hadari mai juyawa farat ɗaya: yanzu tana bugun jirgi ta gaba tana ƙara masa ƙarfin ɗagawa, yanzu kuma ta koma ta bayansa ta zare masa shi. Akwai ƙa'idar da ake koya wa matuƙa ta fita daga wannan tarko, rahoton bincike kuwa ya nuna ba a bi ta daidai ba. Jirgin ya faɗi a gonakin Tungar Madaki, mutum 96 na cikinsa suka rasu, 9 suka tsira. Cikin waɗanda suka rasu akwai Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, da ɗansa Sanata Badamasi Macciɗo, da Sanata Sule Yari Gandi, da mataimakin gwamnan jihar Sakkwato, Garba Muhammad. Allah Ya ji ƙansu.

A ganinmu, tsakanin Jidda da Dryden da Abuja akwai abu guda da ya haɗa su: a kowanne an san da matsalar tun jirgi na ƙasa, kuma a kowanne akwai abin da ke tura mutane su tafi, ko jadawali, ko kuɗi, ko nauyin manyan da ke zaune a baya. Direbobin motocin haya da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega cikin hazo da asuba, da sudaddiyar taya, fasinjoji kuma na ce musu su taka, sun san wannan hali sarai, ko da ba za su faɗa ba.

Yanzu da 'ya'yanmu ke hawa jirgi zuwa makaranta da wurin aiki, wasu kuma zuwa ziyarar Urushalima, yana da kyau a san abin da ke gudana idan an ce an jinkirta tashi saboda hazo. Ma'aikatan hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, su ke auna nisan da ido ke iya gani a filin, su miƙa wa hasumiya. Kowane titin sauka yana da mafi ƙarancin nisan ganin da aka yarda a sauka da shi, kuma adadin ya danganta da irin na'urar jagorar sauka da aka kafa a filin da kuma ko tana aiki a ranar. Filin da na'urarsa ke da inganci na iya karɓar jirgi cikin hazon da zai rufe wani filin ruf. Idan awon ya gaza adadin, doka ba ta ba matuƙi damar gwada sa'a ba, ko wane ne a cikin jirgin. Dole ne kuma ya ɗauki man da zai kai shi wani filin dabam, da ƙari a kai, tun kafin ya bar ƙasa. Wani lokaci hazon kan lafa da hantsi a tashi, wani lokaci kuma sai a kwana biyu ana jira a filin Sultan Abubakar III.