Fijon mahaifina da aika-aikar da na yi mata

A bayan gidanmu da ke Dogon Dawa, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, akwai mota ƙirar Fijo 504 da aka ɗora a kan bulo huɗu. Kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta, yara kuma sun mayar da ita wurin wasan ɓuya. Duk baƙon da ya gan ta sai ya girgiza kai ya ce tsufa ya kwantar da ita. Nakan yi shiru, domin na san da hannuna da kuɗina na kwantar da ita, kuma shekaru fiye da goma ke nan abin yana ci mini rai.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, manomi ne kuma ɗan kasuwar hatsi. Ya sayo motar sabuwa dal daga Kaduna a 1981, bayan masara ta yi kyau kuma ta yi daraja shekara biyu a jere. Launinta ruwan madara, kujerunta ruwan ƙasa. Bai taɓa bai wa kowa makullinta ba. Kowace safiya sai ya ɗaga murfin inji ya duba ruwan lagireto da baƙin mai kafin ya tayar da ita, sannan ya bar ta ta yi ɗumi yana tsaye yana jan carbi. Wanke ta ranar Juma'a kuwa aikina ne tun ina aji uku na firamare. Da ita aka kai matan unguwarmu masu naƙuda asibiti a Funtuwa, da ita aka ɗauko amaren yayyena, kuma a cikin shekara 28 da ya yi yana tuƙa ta sau ɗaya tak aka buɗe injinta.

Matasan yau da suka tashi suka tarar da Golf da Sharon sun cika tasha ba za su gane matsayin Fijo a ƙasar nan ba. A birnin Paris aka fara nuna 504 a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana surarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kakuri da ke Kaduna, har akwai shekarun da ta jirgin sama ake kwaso sassanta daga Faransa zuwa Kano, sannan a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, Fijo ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Wato irin motar da kwamishina ke hawa ita ce mahaifina ke loda wa buhun iri. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Ba a banza aka yi hakan ba, hanyoyinmu ne suka zaɓe ta.

Da Baba ya rasu a 2009 aka zo rabon gado, an yi wa motar kuɗi kamar sauran kaya. Sai babban wanmu ya ce shi ya yafe kasonsa a cikinta, sauran 'yan'uwa ma suka bi bayansa, aka miƙo mini makulli a gaban kawunnanmu. Abin da Yaya ya ce da ni bai wuce jimla ɗaya ba: "Kai ka yi mata wahala tun kana yaro, ka riƙe ta yadda Baba ya riƙe ta." Na ce to. Na ɗauki wannan "to" da sauƙi ƙwarai.

A lokacin ina aiki a Kaduna, ina da shekara talatin da 'yan kai, albashi ya fara zama, abokaina kuma duk sun hau ƙananan motocin Kwatano masu sheƙi. Duk inda na faka sai a ce ga Alhaji ya iso, ko a tambaye ni ko buhu nawa na kawo. Wasa ne, amma ya shige ni. Maimakon in sayar da ita ko in ajiye ta in sayi wata, sai shaiɗan ya raya mini wata dabara ta uku: in mayar da ita motar tsere irin waɗanda nake gani a finafinai, mai kwanciya a ƙasa, mai ƙugi.

Bakaniken da ya saba duba wa Baba ita, wani dattijo da ya yi aiki a kan Fijo tun yana saurayi, shi na fara kai wa maganar. Ya saurare ni har na gama, ya goge hannunsa da tsumma, ya ce: "Ɗana, wanda ya ƙera motar nan ya san hanyar garinku, ko da bai taɓa zuwa ba. In ka gaji da ita ka mayar wa Hajiya ita ta ajiye. Ni dai ba da hannuna ba." Na fita ina cewa a raina tsoho ya tsufa, ba ya son ci gaba. Na nemi wani garejin na matasa, su kuwa suka ce ai wannan ƙaramin aiki ne.

Bari in faɗa wa mai karatu abin da aka yi mata dalla-dalla, domin a nan darasin yake. Injin 504 ba a tsaye yake ba, a kishingiɗe aka ɗora shi, ya karkata gefe guda, shi ya sa murfin ke rufuwa lafiya kuma cikinta bai sauko kusa da ƙasa ba. Muka cire shi muka sa wani injin Japan na hannu, wanda shi a tsaye aka ƙera shi. Da ya ƙi shiga sai aka yanke mazaunin injin aka yi walda, aka sassauto da shi ƙasa don murfi ya rufu. Sakamakon haka kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji ya zama shi ne abu mafi kusa da ƙasa a duk jikin motar. Farfelar Fijo kuma a cikin wani bututun ƙarfe take, wanda ya haɗe akwatin giya da ƙafafun baya ya riƙe su tsam. Sabuwar giyar ba ta san wannan bututu ba, saboda haka aka datse shi aka yi ƙirar gida. Daga ranar motar ta fara wata karkarwa da ba ta taɓa rabuwa da ita ba.

Ban tsaya nan ba. Na sa aka rage tsawon sifirin ɗin ƙafafu huɗun da abin yankan ƙarfe don ta kwanta. Na sayo rim na alminiyom da siraran tayoyi, da aka ga ramukan kusoshinsu ba su dace da na Fijo ba, domin nata a warwatse suke fiye da na sauran motoci, sai aka huda sababbi. Aka cire bambobin ƙarfe masu walƙiya, aka fesa mata jan fenti, aka liƙa baƙin gilashi, aka huda salansa, aka cika but da sifiku. Tsohon injin da akwatin giyar da ƙafafun asali kuwa, yaran garejin suka ce suna tare musu wuri. Na ce a sayar. 'Yan gwangwan suka ɗora su a sikeli suka biya kuɗin kilo, kuɗin da a ranar muka cinye a wurin mai tsire.

Ranar da na shiga Dogon Dawa da ita, yara suka biyo ni da gudu suna ihu, na ji kaina ya kumbura. Mahaifiyata ta leƙo daga zaure, ta dubi motar, ta dube ni, ta ce: "Ina motar Malam?" Na ce ai ita ce wannan, Inna, gyara na yi mata. Ta ce "Allah Ya sa alheri," ta koma ciki. Yaya bai ce komai ba, kuma wanda ya san shi ya san shirunsa ya fi faɗansa zafi.

Duk wanda ya san yankinmu ya san abin da ya same mu. Bayan harin da aka kawo wa garinmu da asuba a watan Oktoban 2012, wanda ya ci rayukan aƙalla mutum 20, tafiya a hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa ta zama sai da lissafi. Ana fita da hantsi, ana komowa kafin la'asar sakaliya, kuma ba a tsayawa a daji ko da fitsari ya matsi mutum. A irin wannan hanya lafiyar mota da ran mai ita a igiya ɗaya suke.

A daminar 2013 na zo gida hutu, sai jikin Inna ya rikice da yamma, numfashi ya yi mata wuya. Babu zancen jiran gari ya waye. Muka kwantar da ita a kujerar baya, ƙanwata ta riƙe kanta, na kama hanyar Funtuwa. An yi ruwa da rana, ramuka sun cika sun ɓoye zurfinsu. Hanyar da Baba ke bi da buhu biyar a but ba tare da cikin motar ya taɓa ƙasa ba, ni ina bin ta kamar mai tafiya a kan ƙwai, kowane rami sai na ji ƙarfe ya daki ƙasa. Ba mu yi nisa sosai ba na faɗa wani kwazazzaɓo da ruwa ya rufe, na ji ƙara kamar an fasa tulu. Jar fitila ta kama. Kafin in gangara gefe injin ya ɗauke. Na fito na tarar da baƙin mai yana malala a kan ruwa, kaskon ya tsage gida biyu.

Rana ta kusa faɗuwa, daji ya yi tsit, babu sabis a waya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rabin sa'ar ba, kuma ban taɓa jin kunya irinta ba. Ina tsaye kusa da jar mota mai baƙin gilashi, irin wadda ake hangowa daga nesa a ce mai kuɗi ne a ciki, mahaifiyata kuma tana kokawa da numfashi a bayana. Allah Ya kawo wata Golf ta haya da ta makara, cike maƙil da fasinja. Direban ya tsaya, wanda ba kowa ne zai tsaya a wurin ba. Magidanta biyu suka fito suka koma but suka zauna ƙafafunsu na reto, aka sa Inna da ƙanwata a mazauninsu, ni na matsu a gaba. Har yau ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Inna ta kwana huɗu a asibiti ta samu sauƙi. Da muka koma ɗauko motar washegari, rim ɗin da sifikun da batir duk an kwashe. Abin da na ƙara mata ne kaɗai ɓarayi suka ga ya isa ɗauka.

Abin da ya ƙara mini takaici ya zo ne daga baya, lokacin da na zauna ina karanta tarihin motar, abin da ya kamata in yi tun farko. Ashe wadda nake ƙoƙarin mayarwa motar tsere ta riga ta ci tsere tun kafin Baba ya saye ta. A 1975 wani direba ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ove Andersson ya lashe gasar Safari ta ƙasar Kenya da Fijo 504, gasar da a wancan lokaci ake yin dubban kilomita a cikin laka da duwatsu da ƙura, wadda yawancin motocin da ke shiga ba sa kai wa ƙarshe. A 1978 Bafaranshe Jean-Pierre Nicolas ya sake lashe ta da samfurin 504 mai ƙofa biyu. Kuma masu shirya mota don irin wannan gasa ƙarfafa ƙafafunta suke yi, su sa mata faranti a ƙarƙashi don kare inji daga duwatsu. Tsayin nan da nake jin kunyarsa, da laushin sifirin da abokaina ke cewa kamar jirgin ruwa, su ne makamanta. Ni kuwa na biya kuɗi aka datse su.

Ba ina cewa duk wanda ya taɓa tsohuwar mota ya yi laifi ba. Direbobin da ke jigilar masara da dawa daga kasuwanninmu suna ƙara wa motocinsu ƙarfen baya don su ɗauki kaya, sun san abin da suke nema kuma sun san abin da za su rasa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, da yawa sun canza inji ko sun koma gas don su iya ciyar da iyali, kuma babu mai hankalin da zai zarge su. Buƙata ce ta sa su. Ni babu abin da ya sa ni sai dariyar abokai, waɗanda yau ko ɗaya daga cikinsu ba ya tuna launin motar. Sannan akwai gyaran da ake kwancewa da sifana a mayar da abu yadda yake, akwai kuma wanda ake yi da wuta da abin yanka. Da na tsaya a fenti da rediyo, ko da na adana abin da aka cire a ɗakin ajiya, da yanzu wani labarin nake bayarwa.

Shekara uku ke nan ina ƙoƙarin mayar da ita kamanninta. Na zaga Panteka a Kaduna, na je Ƙofar Ruwa a Kano, na samo bambobi da ƙafafun ƙarfe da fitilun gaba. Kayan da a da ake tuntuɓe da su a kowane gareji yanzu sai an yi cigiya, in an samu kuma mai su ya san darajarsu. Dattijon bakaniken nan ya rasu, wani almajirinsa ne ya karɓi aikin, ya kuma gaya mini gaskiya cewa inda aka yanke aka yi walda ba zai taɓa komawa daidai ba. Bara ya samo mini injin Fijo na asali daga wata tsohuwar motar haya, yana nan a zaure an lulluɓe shi da buhu.

Da Sallar da ta wuce Inna ta kira ni ɗakinta, ta buɗe akwatin ƙarfen Baba, ta ciro takardun motar a cikin wata leda, har da rasiɗin 1981 da ya koma ruwan ƙasa. Na ɗauka na je zaure na ɗaga buhun, na goge jikin injin da tsumma, na gwada lambar da ke kansa da wadda ke cikin takardar, alhali na san ba za su zo ɗaya ba. Yaya yana zaune a kan tabarma yana kallona. Da na miƙe sai ya ce: "In ta tashi, ni zan fara tuƙa ta zuwa Funtuwa." Na ce to.