Kafin Ka Buɗe Baki a Kujerar Likitan Haƙori

Ciwon haƙori ba ya barin mutum ya yi dogon tunani. Wanda ya kwana yana juyi da kunci a kumbure, ya danna kanumfari bai ji sauƙi ba, ya kurkure da ruwan gishiri abin ya ƙi, idan gari ya waye burinsa ɗaya ne: a raba shi da haƙorin nan. Yana shiga asibiti idonsa na kan likita. Ba ya lura da yarinyar da ta miƙo faranti ɗauke da ƙarafuna, balle ya tambayi wanda ya wanke su, ko a wane ɗaki aka wanke su. Alhali rabin lafiyarsa tana hannun waɗannan mutanen da bai ko kalla ba.

A watan Maris na 2013 hukumomin lafiya a birnin Tulsa, cikin jihar Oklahoma ta Amurka, sun nemi mutum kusan 7,000 su zo a gwada jininsu. Ba su yi laifin komai ba, sun dai taɓa zama a kujerar wani likitan tiyatar baki a garin. Masu bincike sun tarar da ƙarafuna masu tsatsa ana aiki da su, da magungunan da wa'adinsu ya wuce, da mataimakan da ba su da izini suna yi wa mutane allurar sa barci ta jijiya. Na'urar turara kayan aiki, wadda ya kamata a riƙa gwada ingancinta a kai a kai, ta shekara shida ba a gwada ta ba. Da aka tambayi likitan batun tsaftace kaya, sai ya nuna cewa wannan aikin yaransa ne, ba nasa ba. Daga baya gwaji ya tabbatar da cewa cutar hanta nau'in C ta tashi daga wani majinyaci zuwa wani a wurin.

Amsar likitan nan ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mai gida ya ce aikin yara ne, yara kuma sun ga mai gida bai damu ba, sai kowa ya yi shiru. Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru, mutane suna biyan kuɗi suna godiya.

A Nottingham ta ƙasar Ingila an ga irin wannan a 2014, inda aka kira mutum kusan 22,000 da suka taɓa zuwa wurin wani likitan haƙori cikin shekara 32 da ya yi yana aiki. Asirin ya tonu ne saboda wani ya kasa haƙuri, ya ɗauki hoton bidiyo a ɓoye, aka ga likita yana tashi daga bakin wannan ya shiga bakin wancan bai sauya safar hannu ba, bai wanke hannu ba. A 2016 aka soke sunansa daga rajistar likitocin haƙori. To, wannan fa a ƙasashen da masu duba asibitoci ke zagayawa ke nan, kuma ba a cika ɗauke wuta ba.

Mu a nan lamarin ya fi kusa da wuya. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kuma da yawansu ba su sani ba. Ƙwayar tana iya rayuwa mako guda a busasshen jini a jikin ƙarfe. Aikin haƙori kuwa da wuya a yi shi dasashi bai yi jini ba. Ke nan duk asibitin haƙori mai jama'a, a Kano ne ko Katsina ko Zariya, ya ɗauka kawai cewa mai ɗauke da cutar zai zauna a kujerarsa, idan ba yau ba gobe. Abin da ke tsakaninsa da mai bi masa a layi shi ne ɗakin wanke kaya.

Shafa wa ƙarfe sifirit da auduga ba ya wadatarwa. Tsoma shi a ruwan zafi ma haka. Ƙa'ida ita ce a fara wanke jini da datti tas, a busar, a sa a leda ta musamman, a rufe a cikin tukunyar turara kaya, tururi ya kai zafin digiri 121 na kimanin kwata ɗaya na awa ko fiye, ko digiri 134 na 'yan mintoci. A jikin ledar akwai alamar da ke sauya launi idan zafin ya kai. Yanzu a ce na'ura tana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, janareta babu mai, mutane sun cika benci, likita yana ƙwala kira a kawo kaya. Ma'aikaciyar da ke ɗakin nan ita kaɗai ta san cewa kayan ba su dahu ba. Idan ta fito da su babu wanda zai gane, cutar ma sai bayan watanni ko shekaru za ta bayyana, lokacin da ba mai tuna ranar. Idan ta ce a dakata, za a yi asarar awa guda, wataƙila wasu su yi fushi su tafi.

Abin da za ta zaɓa ya dogara ne ga irin gidan da take aiki. An rene mu a kan cewa ƙarami ba ya gyara wa babba, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure. A ɗakin tiyata tana iya kashe mutum. Asibitin da mataimakiya za ta iya cewa, "Likita, a yi haƙuri, waɗannan ba su gama ba," likita ya ce "To, madalla, mu jira," wannan asibitin ya tsira. Inda kuwa za a daka mata tsawa a gaban jama'a, sau ɗaya za ta gwada, daga nan ta koyi kama bakinta. Mai asibitin da ke riƙe albashin ma'aikata wata biyu, ko yake ƙirga safar hannu kamar zinariya, shi ma kada ya yi mamakin abin da zai biyo baya.

Amana ba a ɗakin wanke kaya ta tsaya ba. Akwai mai karɓar kuɗi, wanda zai iya faɗar farashi ɗaya a baki ya rubuta wani a rasit. Akwai mai ajiye kati: idan ta manta ta rubuta cewa Baba yana shan maganin tsinka jini, ko Hajiya tana da ciwon suga, ko wannan baiwar Allah tana da juna biyu, cire haƙori ɗaya zai iya zama tashin hankali. Akwai shi kansa likitan, wanda ya san haƙori zai ceto da ciko amma cirewa ta fi sauri, ko ya san ciko ya isa amma ya tura mutum ga aiki mai tsada. Majinyaci ba ya ganin cikin bakinsa, abin da aka faɗa masa shi zai yarda da shi.

Kuskure kuwa ba wanda ya fi ƙarfinsa. Saiwar haƙori tana karyewa a wurin cirewa, ko a hannun gwani. Likitan kirki zai gaya maka a take, ya rubuta a kati, ya ɗauki hoto, idan abin ya fi ƙarfin kayan aikinsa ya tura ka babban asibiti. Na banza zai danna auduga ya ce an gama, sai bayan mako biyu ka dawo da ruɓa. Mutanenmu suna yafe kuskuren da aka faɗa musu. Wanda aka ɓoye musu ne suke kaiwa majalisa da gidan biki, kuma a garuruwanmu asibitin haƙori da bakin mutane yake cika, da bakinsu yake watsewa. Allon talla ba ya gyara sunan da mata suka gama da shi a gidan suna.

Ba na son a karanta wannan a ce gara a koma wurin mai cire haƙori na bakin kasuwa. Can ne ma ƙarfe ɗaya ke zagaya bakin mutum goma. Asibiti aƙalla akwai wanda za a kama. Kowane likitan haƙori a Najeriya dole ya yi rajista da hukumar kula da likitoci ta MDCN, ya kuma sabunta lasisinsa duk shekara, masu wankin haƙori da masu ƙera haƙoran roba su ma suna da hukumomin rajistarsu. Kundin haƙƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya ba ka damar a yi maka bayani da harshen da kake ji, a faɗa maka kuɗi a fili, a yi maka aiki a wuri mai tsafta, ka kuma kai ƙara idan an cuce ka.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka yi tambayoyinka tun bakinka yana hannunka, domin da zarar an kwantar da kujera an sa maka auduga, magana ta ƙare. Ka tambayi sunan wanda zai yi aikin da matsayinsa. Ka faɗi duk maganin da kake sha ko ba a tambaye ka ba. Ka nemi a nuna maka haƙorin a madubi, a faɗa maka kuɗin kafin a fara, a ba ka rasit. Ka sa ido a yage ledar ƙarafuna a gabanka, a ɓare sabuwar allura, a sa sabuwar safar hannu. Idan ka tambaya aka amsa maka da sakin fuska, zauna. Idan aka haɗe rai aka ce kana koya musu aiki, ka ɗauki hularka ka nemi wani asibitin. Wanda kuma bai yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, ya je a gwada shi a yi masa, shi da iyalinsa.